Filin Amsa Tambayoyinku: Jiragen Yaƙin Kwali a Kan Tudun Jos

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da aka buga hoton jirgin nan mai ruwan toka da ke kan teburina a fitowar da ta gabata, saƙonni ba su yanke ba. Ga wanda bai gani ba, kwatankwacin wani jirgin ruwan yaƙi ne na ƙasar Foland mai suna Błyskawica, wato walƙiya da harshensu. Na haɗa shi da kwali da gam da zare, tsawonsa santimita 57, kuma ya ci mini wata bakwai. Na gaskiyan an ƙera shi ne a Ingila, ya fara aiki a 1937, ya ga yaƙin duniya na biyu daga farko har ƙarshe, yanzu yana ɗaure a tashar Gdynia mutane na shiga kallo.

Na shafe shekara 33 ina koyar da zanen fasaha a makarantun sakandare a nan Filato kafin in ajiye alli. Wannan aiki na kwali kuwa na same shi ne a hannun wani injiniya ɗan Foland da ya yi haya kusa da gidanmu ina saurayi. Ranar da zai koma gida ya bar mini mujallu uku na yanke-ka-haɗa da wata 'yar wuƙa. Ga tambayoyin da na zaɓo a wannan karon.

Baba Malam, ni ɗalibi ne ɗan aji biyar a sakandare. Na ga jirgin Yamato na kwali a intanet, na sauke takardunsa a waya, sun fi shafi 40. Me zan saya, kuma ta ina zan fara? (Wani ɗalibi, Unguwar Rogo)

Ɗana, ajiye Yamato tukuna. Ba na so in kashe maka gwiwa, so nake ka kai gare shi da ƙafarka. Yamato na Japan tsawonsa mita 263 ne, yana ɗauke da manyan igwa tara masu bakin santimita 46, ga ƙananan bindigogin kakkaɓo jiragen sama birjik a jikinsa. A ma'aunin 1:200, wanda Folawa suka fi bugawa, kwatankwacinsa zai haura mita ɗaya da santimita 30. Teburin karatunka ba zai ɗauke shi ba. Kuma kowace ƙaramar bindiga sai ka yanka mata gutsattsari kamar ƙwayar gero, ka gama ɗaya ka sake wata irinta, ka sake, ka sake. Na ga samari da yawa da suka fara da Yamato ko Bismarck na Jamus, gangar jikin tana nan bisa durowa ta sha ƙura, su kuwa sun bar aikin har abada suna cewa ba su da baiwa. Baiwa suna da ita. Kayan da suka ɗauka ne ya fi wuyansu.

Nemi ƙaramin jirgin sintiri, ko mai share nakiyoyin ruwa, ko ma jirgin da ke jan manyan jirage a tasha, wanda bai wuce shafi uku ko huɗu ba. Kuma ka zaɓi irin wanda aka yanke shi daidai iyakar ruwa, mai shimfiɗaɗɗen gindi da zai zauna daram a kan tebur. Zagayayyen cikin da ke nutse a ruwa shi ne mafi wuya a duk jirgin, bar shi sai jirgi na uku.

Bari in warware maka ma'auni, don shi ne tushen komai. In an rubuta 1:200, ana nufin duk abin da ya kai santimita 200 a jirgin gaskiya, santimita ɗaya ne a naka. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai dawo milimita takwas da rabi. Shingen gefen jirgi mai tsayin mita ɗaya zai zama milimita biyar. Kaurin kwalin da kake yankawa ma, wanda bai wuce kashi ɗaya bisa biyar na milimita ba, daidai yake da ƙarfe mai kaurin santimita huɗu. Ka ga ke nan in hannunka ya goce da rabin milimita, ka buɗe wa jirgin kafa mai faɗin tafin hannu. Jamusawa sun fi son 1:250, akwai kuma masu buga 1:400 ga mai ƙaramin ɗaki. A wannan ma'aunin na ƙarshe Bismarck mai mita 251 yakan dawo kamar santimita 63.

Kayan aiki ba su da yawa, kuma duk za ka same su tsakanin Terminus da titin Ahmadu Bello. Abu na farko wuƙa. Reza ta aski tana yanka, amma tana lanƙwashewa ta ci yatsa, ban yarda ɗalibina ya riƙe ta ba. Je kantin magani ka nemi askar tiyata mai lamba 11 da mariƙinta, mai tsinin baki, ka sayi baki da yawa don kwali yana dakushe ƙarfe da wuri. Da ka ji bakin ya fara jan takarda yana tayar da gashi, canza shi. Sai rula ta ƙarfe, domin ta roba wuƙa za ta cinye gefenta cikin mako guda. Sai ƙaramin almakashi, da hantsaki mai siririn baki, da tsinken sakace na shafa gam, da biro da tawadarsa ta ƙare ƙaf. Da wannan biron za ka bi layin da za a ninke, ka danna shi kaɗan bisa rula, kwalin ya karye a miƙe. Abin da za ka ɗora ka yi yanka a kai, in ba ka sami faifan roba na masu zane ba, yankin ledar ɗaki mai kauri ya wadatar. Kada ka yi yanka a kan gilashi.

Gam kuwa, farin gam na kafintoci irin Top Bond shi ne abincin yau da gobe. UHU ya fi dacewa da manyan wurare don ba ya jiƙa takarda. Sufa gulu sai wajen waya, ko in kana so ka sandarar da siririn abu kamar sandar tuta.

Abu ɗaya ya rage, wanda shi ke raba aikin gwani da na ɗan koyo tun daga bakin ƙofa. Duk gutsuren da ka yanka, bakinsa fari ne. In ka manna shi haka, jirgin zai fito da fararen layuka ko'ina kamar an zana shi da alli. Kafin ka sa gam, bi bakin da fensir mai launi ko fentin ruwa mai kama da launin wurin, gara ya ɗan fi shi haske da ya fi shi duhu. Aiki ne mai cin rai, na sani. Yi shi.

Malam, barka da aiki. Ni tela ne, hannuna ya saba da almakashi. Na haɗa jirgi na farko da kyau, amma da gari ya waye na tarar ya kantare kamar ayaba, saman kuma ya yi tudu da kwari. Ina kuskuren yake? (Wani tela, Bukuru)

Barka kadai, Malam. Na ji daɗin wannan wasiƙa, domin tela ya riga ya san rabin amsar, sai dai bai san ya sani ba.

Ka san yadi yana da tsaye yana da kwance, in ka yanka hannun riga a karkace sai ya murɗe bayan wanki. Takarda ma haka take. Zaruruwanta suna kwance ne suna fuskantar gefe guda tun daga injin da ya yi ta. Ɗauki kwali ka ɗan lanƙwasa shi ta tsawo, ka sake ta faɗi, za ka ji ɗaya ya fi laushi. Idan za ka naɗe bututun hayaƙi ko bakin igwa, bi ta ɓangaren da ya yarda. Idan kuma za ka liƙa takardar da aka buga a bayan kwali mai kauri, ka sani ruwan da ke cikin farin gam yana kumbura takarda, in ta bushe ta tsuke ta ja kwalin ya bi ta. Abin da ya kantarar da jirginka ke nan.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, jirgin kwali kuma tun daga ƙashinsa. A ciki akwai shimfiɗar ƙasa, da ƙashin baya da ke tafiya daga goshi zuwa ƙeya, da haƙarƙari da ke gicciye shi. Ana manna su ne a kan kwali mai kaurin milimita ɗaya, irin wanda masu ɗaurin littafi ke sayarwa. Ga yadda nake yi. In shafa gam siriri, kamar man da ake shafa wa jariri a goshi, ba kamar ana yaɓen ɗaki ba. In liƙa, in danne da littattafai masu nauyi kwana biyu cur kafin in sa wuƙa. Bayan na yanka, sai in sami katako miƙaƙƙe ko gilashin tebur, in kafe shimfiɗar ƙasan a kai da ɗigon gam a kusurwoyi, kuma ba ta tashi daga nan sai an rufe saman jirgin an sa masa fata. Kowane haƙarƙari in gwada shi a gurbinsa babu gam, kamar yadda kake ɗaurin gwaji kafin ka hau keke. In gurbin ya matse, kada ka tura da ƙarfi, ƙara masa faɗi da wuƙa. Haƙarƙarin da aka cusa da tsiya shi ke tura ƙashin baya gefe, ba za ka gani ba sai jirgi ya gama haɗuwa.

Fatar gefe kuma ana sa ta bi-da-bi: yanki ɗaya a dama, takwaransa a hagu, daga tsakiya ana nufar goshi da ƙeya. In ka gama dama duka kafin ka taɓa hagu, daman za ta ja jirgin wajenta yayin bushewa. Kafin ka manna kowane yanki, murza shi a kan cinyarka da jikin biro ko bayan cokali har ya ɗauki siffar wurin da kansa. Aikin gam riƙewa ne kawai. Duk yankin da sai ka danne shi da yatsu biyar kafin ya kwanta, bai shirya ba.

Tudu da kwarin da ka gani a sama kuwa, haƙarƙarin ne ke nunawa ta cikin takarda kamar na ramammiyar saniya. Maganinsa ka ninka daɓen saman da kwali mai rabin milimita, ka rage wannan kaurin daga tsayin haƙarƙarin don kada jirgin ya ƙara tsayi.

Sai yanayin garinmu, wanda babu wata takardar umarni daga Turai da za ta gaya maka. A watan Agusta, lokacin da yayyafi ke kwana uku bai ɗauke ba, kwali yana shan laima ya yi laushi, gam ya ƙi bushewa. Na taɓa haɗa ƙashin wani jirgi a irin wannan lokaci, ya yi kyau ƙwarai, da hunturu ya shigo a Disamba sai ya tsuke, daɓen ya tsage daga bututun hayaƙi har goshi. Wata huɗu na aiki. Raina ya ɓaci sosai a ranar, har yau ina tuna ƙarar tsagewar. Tun daga nan na raba shekarata biyu: ƙashi da fata da rani, ƙananan kaya irin su igwa da kwale-kwalen ceto da damina. A tsakiyar hunturu kuma kwali yakan bushe har ya karye wajen ninki, sai ka ɗan huce shi da numfashi kafin ka lanƙwasa.

Malam, na kai fayil ɗina shagon buga takardu, da na zo haɗawa sai wani shafi ya fi wani girma, launin kuma yana farfashewa a wurin ninki. (Wani ma'aikaci, Kubwa, Abuja)

Ni ma an yi mini haka a wani shago, shafi 12 suka tafi a banza. Kwamfuta takan rage shafi da kanta don ya shige cikin takarda, kuma ba daidai take rage kowanne ba. Tsaya a kan mai bugawar ka ga ya zaɓi ainihin girma, kashi 100 cif. A buga duka rana ɗaya, a inji ɗaya, da kwali iri ɗaya mai nauyin giram 160 zuwa 180. Takardar fotokwafi mai giram 80 sai ƙananan abubuwan da ake naɗewa. Tafi da rularka, ka auna layin ma'aunin da ke gefen shafi kafin ka biya. In kana so ka mayar da jirgin 1:200 zuwa 1:250, a buga a kashi 80. In akasin haka ne, kashi 125.

Farfashewar launi halin firinta mai garin tawada ce, wadda ke gasa launin a saman takarda. Mai tawadar ruwa launinta na shiga cikin takarda, ba ya fashewa, sai dai ɗigon ruwa ko gumin hannu na ɓata shi. Ni na fi son mai ruwan, in fesa wa shafin banish marar ƙyalli sau ɗaya, siriri, a waje inda iska ke kaɗawa, kafin in fara yanka.

Malam, ina yi maka fatan alheri. Ɗana mai shekara 13 ya kamu da wannan abu tun da ya ga hotonka. Mahaifinsa na cewa ɓata lokaci ne, kakarsa na cewa yin gunki ne. Ni kuma abin da ke damuna, me ya sa sai kayan yaƙi, a garin da muka ga abin da muka gani? (Wata uwa, Gangare)

Hajiya, na gode da wannan tambaya, kuma na daɗe ina juya ta kafin in ɗauki biro.

Batun Kaka shi ne mafi sauƙi. Abin da muka karanta a gaban malamanmu shi ne hanin ya shafi surar abu mai rai. Akwai ruwayar da ta zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar yin surori ya je wurin Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ba shi shawarar ya koma yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Jirgi ƙarfe ne da katako. Wasu kamfanoni kan haɗa da 'yan mutum-mutumin matuƙa, ni ba na sa su, jirgina ya fi kyau ba su. A je da yaron da jirginsa wurin limamin unguwa ya gani da idonsa, hankalin Kaka zai fi kwanciya da jin ta bakinsa.

Ga Alhaji kuma, a gaya masa da girmamawa cewa mu ma mun yi motar kara da ta langa-langa muna yara, kuma a cikin abokan wasanmu waɗanda suka fi iya ta su ne suka zama manyan makanikai da kafintoci. Wannan ƙanen wancan ne, sai dai ya shiga makaranta. Yaron da ke mayar da mita 114 zuwa santimita 57 yana yin lissafin da ake ba shi a aji, yana yi kuma da son ransa. Yana koyon karanta zanen abu ta sama, ta gefe, ta gaba, wanda shi ne abin da na sha wahalar cusa wa ɗalibai shekara da shekaru. Ɗaliban zanen gine-gine a jami'a da kwali suke fara nuna gininsu. Ku kai shi gidan tarihi na Jos, ɓangaren gine-ginen gargajiya, ya ga yadda aka sake gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Zariya. Wanda ya yi wannan sai da ya auna na asalin taku-taku. Sharaɗi kawai za ku sa: bayan aikin makaranta da na islamiyya, kuma wuƙa tana hannunki sai lokacin aiki.

Tambayarki ta uku ita ce mai nauyi. Ina garin nan a rikicin Satumbar 2001, ina nan a na 2008 da 2010. Na koma aji bayan kowanne na tarar da kujerun da babu masu su, yara Musulmi da Kirista, duk nawa ne. Ba zan taɓa ce wa yaro yaƙi abin sha'awa ne ba. Abin da na lura da shi a kaina da ɗalibaina shi ne, wanda ya zauna wata shida da jirgi ɗaya dole ya nemi labarinsa, labarin kuwa ba ya ƙarewa da daɗi. A ranar 24 ga Mayu 1941 Bismarck ya nutsar da Hood na Ingila, cikin mutum 1,418 uku kaɗai suka tsira. Kwana uku bayan haka aka nutsar da Bismarck ɗin, sama da mutum 2,000 suka tafi da shi. Yamato da ɗalibin farko ke so ya nutse a 7 ga Afrilu 1945 da kimanin mutum 3,000, yawancinsu matasa. Lokacin da nake manna ƙananan ƙofofi da matakala, ina ganin hanyar da yaro ɗan shekara 19 zai bi ya fito daga ɗakin inji in ruwa ya shigo, ina ganin nisanta. Wasan harbi na waya ba ya nuna wa yaro wannan. Ki zauna da ɗanki ki ce ya ba ki labarin jirgin da yake haɗawa: mutum nawa ne a ciki, ina suka ƙare. In kuma zuciyarki ba ta kwanta ba, akwai jiragen kaya da na fasinja da na ceto, aikin hannun duk ɗaya ne, kuma zan taimaka masa ya zaɓa.

Baba, in mun shafa masa kyandir zai yi iyo? Muna so mu gwada a kududdufin bayan unguwarmu. (Wasu yara biyu, Rayfield)

A'a, 'ya'yana. Na kallo ne, ruwa zai narkar da gam ɗin cikin minti kaɗan. Kududdufan nan kuma ramukan haƙar kuza ne, bakinsu na zaftarewa, zurfinsu ya wuce yadda kuke zato, sun ci yara da yawa. Kada ku je, ko da jirgi ko babu. In kuna son mai iyo, ku sassaƙa farin soso na cikin kwalin talabijin ku gwada a baho a tsakar gida. Na kwalin kuwa ku kai ma'auninsa wurin mai yankan gilashi ya yi masa akwati, ku jefa ƙwayar kafur da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, saboda kyankyasai suna son gam. Ku nisanta shi da taga, rana tana cin launi.

Malam, ni tsohon sojan ruwa ne, na yi aiki a cikin NNS Aradu ina matashi, yanzu na dawo gida na zauna. Na ga kuna ta haɗa jiragen Jamus da Japan da Foland. Namu fa? (Wani tsohon soja, Tudun Wada, Jos)

Yallaɓai, ka taɓa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Dalilin a fili yake: masu buga waɗannan takardu suna Foland da Jamus da maƙwabtansu, kuma kowa jirgin gidansu yake fara zanawa. Mujallar Mały Modelarz ta Foland tun 1957 take fitowa, yaran ƙasar sun tashi suna haɗa jiragensu da hannunsu, shi ya sa ɗan Foland zai lissafa maka su kamar sunayen ƙannensa. Mu a nan, tudun da ya haura mita 1,200 sama da teku, tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas, yaro zai gama sakandare bai san rundunar sojan ruwanmu, wadda aka kafa tun 1956, ta mallaki jirage masu sunan Hausa ba. Ga Dorina, ga Damisa, ga Kada da ya iso a 2022, ga kuma babbansu, Aradu. Na taɓa tambayar aji guda ma'anar sunan, duk suka ce tsawa, amma babu wanda ya san akwai jirgi mai wannan suna.

Aradu ya cancanci a yi shi. Kamfanin Blohm da Voss na Hambog ne ya ƙera shi, ya shiga aiki a 1982, kuma shi ne na farko a duniya cikin jiragen tsarin MEKO, wanda ake saka makamai da na'urori a akwati-akwati yadda za a iya cire wani a sa wani. Tsawonsa ya ɗan haura mita 125, faɗinsa mita 15. Yana da igwa mai bakin milimita 127 a gaba, da makamai masu linzami na Otomat, da filin saukar jirgi mai saukar ungulu a baya. A 2005 ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, ya tsaya cikin jiragen ƙasashen duniya da tutarmu. A ma'aunin 1:200 zai zo kamar santimita 63 da faɗin bakwai da rabi, ya ɗan ɗara Walƙiyata kaɗan. Tun da na lura da haka nake so in ga su biyun a akwati ɗaya, walƙiya da aradu.

Na fara zana shi da kaina shekara biyu da suka wuce, da fensir da takarda mai gidan dara. Hanyar ita ce ka sami zanen gefe da na sama, ka raba tsawon gida 20, ka fitar da siffar haƙarƙari a kowane gida, ka haɗa da farin kwali ka gani, ka gyara, ka sake. Ina kan gwaji na uku. Abin da ya taimake ni shi ne Ajantina tana da jirage huɗu 'yan gidansu, masu gangar jiki kusan iri ɗaya, irin su Almirante Brown, kuma hotunansu sun fi yawa. Sai dai injinansu da wasu kayan samansu sun bambanta da namu, don haka ba a kwafa ido rufe. Ga matasan da ke son gwada namu, ku fara da NNS Andoni, wanda aka ƙera a Legas a 2012. Mita 31 ne, a ma'aunin 1:100 santimita 31 ke nan, lissafin ba wuya. Ku tsaya kan hotunan da rundunar ta fitar da kanta da na jaridu, kada wani ya je yana ɗaga waya a bakin sansanin soja.

Yanzu ni ke da tambaya gare ka, Yallaɓai, don hoto daga nesa ba ya nuna abin da ƙafa ta taka. Wane launi ne daɓen gaba a zamaninku, kuma ɗaya yake da na filin saukar jirgi? Matakalar da ke hawa ɗakin tuƙi ta waje, ta wane gefe take? Kwale-kwalen jirgin a ina ake rataye su? Na bar lambata a ofishin mujalla. Ina gida kowace Asabar bayan la'asar, farin gwajin yana kan tebur, goshinsa ne har yanzu bai zauna mini daidai ba, kuma ina so wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya duba shi kafin in sa launi.